Ranar da Sabitu Ya Zare Faifan Hagu

Duk wanda ya zauna a Zongon Lome ya san Sabitu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gefe ɗaya na gemu, mai baƙar jakar goyo wadda zif ɗinta ya daɗe da mutuwa, wanda ake gani da hantsi a bayan ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya nufi kasuwar Assigamé ko unguwar Totsi, inda 'yan kasuwa ke kiransa idan kwamfutocinsu sun yi gardama. Samari kan ce masa Injiniya. Da can yakan amsa har da ɗaga hannu. Yanzu sai ya wuce kamar da wani ake.

Ɗan Malam Rabi'u ne, mai ƙaramin masallacin da ke manne da gidansu. Kakansu daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin goro, ya yi aure, bai koma ba. Malam ya haifi maza biyu. Babban, Abdulrazak, ya ɗauki littattafai, shi ne liman a yau. Ƙaramin ya ɗauki sukundireba. Tun bai kai tsayin taga ba ya kwance rediyon ubansa yana neman mutumin da ke magana a ciki. Ya sha bulala, washegari ya sake kwancewa, don bai gama dubawa ba.

Karatun allo bai zauna masa sosai ba, amma abu ɗaya na Malam ya shiga hannunsa bai fita ba. "Dama, Sabitu, dama." Sa takalmi, miƙa shayi a cikin taro, yankan farce, gaisawa da baƙi a zaure, duk daga dama ake farawa. Malam ba ya tsawa, sai dai ya taɓa bayan hannun yaron da tasbaha. Sabitu ya girma, ya koyi gyaran rediyo a wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe a bayan Assigamé, daga rediyo ya koma bidiyo, daga bidiyo ya koma kwamfuta, amma ko wane akwati aka ajiye masa, notin dama yake fara kwancewa. Bai ma san yana yi ba.

Kowane azumi, bayan la'asar, Malam Rabi'u yakan zauna tafsiri. Muryarsa ba mai ƙarfi ba ce. Tana da ɗan kaushi irin na igiyar guga da ta daɗe tana shiga rijiya, kuma kullum da ruwa take fitowa. Mutane kan zo da rikodojinsu su jere a gaban buzunsa kamar takalma a ƙofar masallaci. Haka aka yi ta yi tun Sabitu na yaro har ya yi aure. Da Malam ya rasu, sai ya zamana muryarsa tana warwatse a gidajen mutane, cikin kaset-kaset da ke kwance a ƙasan gadaje da saman kabad, raɓar Lome tana cin su a hankali. Iskar teku ba ta barin komai, ƙarfe ta sa masa tsatsa, zare ta sa masa fumfuna.

Sabitu ne ya tashi. Wataƙila ya ga a nan ne kaɗai ɗan da bai gaji littafi ba zai iya gadon wani abu. Ya bi gida gida, daga Zongo har Agoè-Assiyéyé, yana roƙon tsofaffi su ba shi abin da suka ɗauka. Wasu suka ba shi da hawaye, wasu sai da ya rantse. Ya tara buhuna. Sannan ya sayo wata babbar kwamfuta ta ajiya, irin wadda ake ce wa sabar, cikin kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, ya kafa ta a ɗan ɗakin da ke jikin bangon masallaci. A gabanta akwai aljihu huɗu a jere, kowanne da faifan ajiya. A cikinta akwai wani kati da ake kira RAID, wanda aikinsa shi ne ya haɗa faya-fayan nan su zama kamar ɗaya, ya rarraba abin da aka ba shi a tsakaninsu, ta yadda idan ɗaya ya mutu sauran ukun za su iya tuno abin da ke kansa. Ɗaya dai. Idan biyu suka tafi tare, magana ta ƙare.

Katin da ya zo da injin matacce ne, don haka Sabitu ya sa wani na daban. Sabon katin ya yi aiki, sai dai bai san yadda zai kunna 'yan fitilun da ke kan aljihunan ba, suka zauna a mace. Wayoyi huɗu suka fito daga jikinsa. Sabitu ya yi bismillah, ya ɗauki waya ta farko ya soka wa faifan da ke can dama, ta biyu na kusa da shi, har ya ƙare a hagu. Ya rufe murfi. Bai riƙe abin a ransa ba, kamar yadda ba wanda ke tuna da ƙafar da ya shiga masallaci jiya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana zaune da abin ji a kunne yana juye kaset ɗaya bayan ɗaya. Wanda zarensa ya tsinke ya liƙe shi da jan farcen matarsa Zuhura. Ranar da ya gama, ya fito tsakar gida yana tafiya kamar wanda ya sauke Alƙur'ani.

A gidansu ba a jefa abin da ke ɗauke da ayar Allah a juji. Takardar da ta yage, allon da ya tsage, naɗe su ake yi a binne a wuri mai tsarki. Buhunan kaset kuwa suna nan jibge a zaure suna warin ruma. Wata safiya Liman Abdulrazak ya tsaya a kansu.

"Injiniya, buhunan nan fa? Ɓeraye sun fara zaman tafsiri a ciki."

"An gama da su, Yaya. Komai yana cikin akwati."

"Ka tabbata? Ni abin da ba na iya buɗewa in karanta, ban cika sakin jiki da shi ba."

"Huɗu ne fa, Yaya. Kamar mahaddata huɗu a sahu ɗaya. In ɗaya ya yi tuntuɓe, sauran su ɗora masa."

Liman ya ji daɗin misalin, har ya maimaita shi a cikin wa'azi. Zuhura ce kaɗai ta ce, tana tankaɗe, "Baban Salim, ka juye mini a wani ɗan abu daban in sa a ƙasan akwatin zannuwana mana."

"Ke da ko lambar wayarki ba ki riƙe ba?"

"To ai shi ya sa nake ajiye abu a wuri biyu."

Ya yi dariya ya ce zai yi. Niyyar tana nan, har yau tana nan.

Aka naɗe kaset-kaset ɗin a farin ƙyalle, aka haƙa rami a bayan masallaci, Liman ya yi addu'a, aka mayar da ƙasa. Da shekara ta zagayo aka faɗaɗa rumfar sallar mata, siminti ya hau kan wurin.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Sabitu. Kowane azumi bayan la'asar yakan haɗa waya daga ɗan ɗakinsa zuwa lasifikar masallaci, muryar Malam ta fito da kaushinta da tarinta, maza a ciki, mata a rumfa. A gaban matan kullum akwai mahaifiyarsu, Hajiya Raudatu, wadda kowa ke kira Mma. Idanunta sun yi hazo, amma kunnenta ras yake. Akwai wani karatu na Suratu Maryam da take jira duk shekara. A cikinsa, a bayan muryar Malam, ana jin turmi yana tashi daga cikin gida, dum, dum, dum. Sai Malam ya tsaya a tsakiyar fassara ya ce, "Jama'a, wani ya leƙa ya ce wa mutanen cikin gida su sassauta wa turmin nan, ba da shi muke faɗa ba." Sai a ji dariyar mutanen da rabinsu yanzu suna kabari. Mma ce mai dakan. Duk shekara in an zo wurin takan rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, ta ce, "Ji shi fa. Kuma shi zai fara neman furar."

Abin da Sabitu bai taɓa so ba a cikin injin nan shi ne manhajar da ake duba lafiyar katin da ita. Duk wanda ya rubuta ta, bai taɓa zama a gabanta da ƙishirwa ba. Ba ta buɗuwa sai a wata tsohuwar laftof da ya ajiye dominta kaɗai, mai tsagaggen allo. Faransanci ba ta ji, balle Hausa, shi kuwa Turancinsa na Aflao ne, garin kan iyakar Gana, na ciniki da sannu da zuwa. Abin da kake nema kullum yana ƙarƙashin wani abu, wanda shi ma yana ƙarƙashin wani. Kuma ga ta da yawan gargaɗi. Ka ce za ka gyara agogo, ta fito da alama ruwan ɗorawa ta ce ka tabbata? Ka ce za ka fita, ka tabbata? Gargaɗin ƙaramin abu da na babban abu launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Cikin shekaru ta koya wa yatsansa ya ce e kafin idonsa ya karanta.

A wani azumi mai zafi, ana tsakiyar sallar asuba, injin ya fara kuka. Wani siririn ƙara ne mai huda kunne, ya ratsa bango ya shiga cikin Fatiha. Da aka sallame Liman ya leƙo, fuskarsa a ɗaure.

"Mene ne wannan kuma?"

"Faifai ɗaya ne ya mutu, Yaya. Ba komai, sauran suna riƙe. In na sa sabo zai gina kansa."

"Mutane sun kasa sanin raka'a nawa muka yi. Kuma ka san yau Maryam za a shiga. Tun jiya Mma ta sa aka wanke mata farin mayafinta."

"Kafin la'asar an gama, in sha Allahu."

Ya hau zemijan zuwa Assigamé, ya kutsa cikin cunkoson masu atamfa da masu tura kaya har rumfar Salifou, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu.

"Injiniya na Malam! Yau kuma wa ya mutu?"

"Bakinka ya sari bango. Faifai nake so, irin na wancan karon."

"Ga shi, sabo fil. Bature ɗaya ne ya yi amfani da shi, shi ma ranar Lahadi kawai."

"Duk kayanka Baturen nan ne dai mai Lahadi."

"Mutumin kirki ne, yana da kaya da yawa. C'est bon, lafiyarsa lau, ɗauka, ka sa ni a addu'ar shan ruwa."

Ya dawo rana ta take, leɓɓansa sun bushe, kukan injin na nan bai fasa ba. Ya buɗe tsohuwar laftof. Manhajar ta yi ta juyi kafin ta buɗe, sannan ta zana masa hoton akwatuna huɗu a jere, kamar dai aljihunan da ke gabansa. Uku kore. Na farko, wanda ke can hagu, ja.

Hoton bai faɗa masa cewa shi jerin wayoyi yake zanawa ba, ba jerin aljihuna ba. Wanda ya zana shi daga hagu yake fara ƙirga, kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wani gida a duniya da ake farawa daga dama ba. Fitilun da za su nuna matacce ba sa ci. Sabitu ya dubi allo, ya dubi injin, ya ga sun yi kama. Ya miƙa hannu ya zare faifan hagu.

Yana jin ɗuminsa a tafin hannu, yana jin yadda yake juyi a ciki bai gama tsayawa ba, ya san mai rai ya zare. Matacce yana can dama, inda shi da kansa ya soka waya ta farko da bismillah. Sai a lokacin abin ya dawo masa, har da ƙamshin turaren da ke jikinsa a wancan yinin.

Ya mayar da shi da sauri. Ya zare na daman, ya sa sabon. A allo yanzu komai ya zama ja, babban akwatin da ke ɗauke da sunan ajiyar ya ɓace. Har a wannan lokacin muryar Malam tana nan kwance a kan faya-fayai uku, ba abin da ya taɓa ta. Akwai hanyar da za a ce wa katin ya karɓi faifan da aka mayar, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma tana can ƙarƙashin wani abu da ke ƙarƙashin wani abu. Wadda manhajar ta kawo masa gaba, da manyan haruffa, wata ce mai cewa za ta taimaka masa ta shirya faya-fayan mataki mataki. Maɓallinta ma an riga an haskaka shi da shuɗi.

Liman ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Azahar ta gabato, Sabitu. Ko dai a cire wa abin nan wuta?"

"Kar a taɓa! Saura kaɗan, Yaya."

Ya yi tunanin da kowane mai hankali zai yi, cewa wanda ya gina abu ba zai haskaka maka hanyar da ke zuwa rami ba. Ya danna. Ta ce gaba, ya danna. Alama ruwan ɗorawa ta fito da dogon Turanci, irin wadda ke fitowa in zai gyara agogo. Yatsansa ya amsa.

Kukan ya tsaya cak. Wani shuɗin layi ya fara tafiya a hankali daga gefe zuwa gefe, irin layin da ya taɓa gani a wani ofishi a Totsi ranar da faifai ke gina kansa. Layin gini da layin shafewa a manhajar nan kamanninsu ɗaya. Sabitu ya sauke ajiyar zuciya, ya yi alwala, ya bi jam'i. Yana sujada, a bayan bango ana share ubansa sura bayan sura.

Gab da la'asar layin ya cika. Akwatuna huɗu suka zama kore shar, da wata kalma a ƙasa mai nufin komai lafiya lau. Liman ya leƙo ya ga koren, ya dafa kafaɗarsa.

"Alhamdu lillahi. Kai dai Allah ya yi maka baiwa, ƙanena."

Bai taɓa ce masa haka ba sai ran nan.

Da ya fita, Sabitu ya je buɗe Suratu Maryam. Babu Maryam. Babu Baƙara, babu Yasin, babu ko sunan wurin da suke. Fili ne fetal, sabo, mai lafiya.

Aka sallame la'asar, mutane suka gyara zama. Ta taga yana hango farin mayafin Mma a gaban rumfa. Ya tashi ya je wurin Liman, ya durƙusa ya faɗa masa a kunne. Liman bai ɗaga murya ba.

"Ina mahaddatan naka huɗu?"

Sannan ya ɗora da cewa:

"Da bakinka ka ce in binne. Na tambaye ka, Sabitu. A zaure na tambaye ka."

Sabitu ne ya je ya gaya wa Mma da kansa, a gaban mata. Ta saurara har ya gama, ta juyo da idanunta masu hazo wajen muryarsa, ta ce, "To." Ta nemi a kama mata hannu ta shiga gida. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Zuhura ma ba ta taɓa tuna masa maganar akwatin zannuwa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun yana cikin abin da ya sa masa furfura.

Bayan ƙaramar salla ya roƙa a fasa simintin. Liman ya ƙi, ya ce ba a tone abin da aka binne da addu'a, daga baya dattawa suka sa baki ya yarda a fasa kusurwa ɗaya. Ruwan damina da ke kwanciya a unguwar ya riga su isa. Farin ƙyallen ya zama baƙar laka, zaren kaset ya manne ya zama dunƙule kamar kwalta. Sabitu ya mayar da ƙasa da hannunsa. Ya kai faya-fayan wurin masu ceto bayanai har Accra, suka duba suka ce wanda ya share ya yi aiki mai kyau. Abin da ya rage na Malam Rabi'u a duniya 'yan guntaye ne da Sabitu ya taɓa tura wa mutane a waya, wani rabin aya, wani addu'ar rufewa. Babu mai turmin a ciki.

Yana nan yana aikinsa. Sabar ɗin 'yan kasuwar Totsi da na masu kantin magani a Agoè duk shi ke duba su, da wannan manhajar dai, don babu wata. Kafin ya zare kowane faifai yanzu sai ya kashe injin, ya buɗe murfi, ya bi waya da yatsa tun daga tushe har ƙarshe, masu shago suna tsaki suna duba agogo. Ba ya yi musu bayani.

Da azumi ya zagayo, Liman Abdulrazak ya hau buzun ya fara tafsiri da bakinsa. Karatunsa ba laifi. Ranar da aka shiga Suratu Maryam, Mma ba ta fito rumfa ba. Sabitu yana zaune a ɗan ɗakinsa, gaban injin da ke ta huci ba komai a cikinsa, sai ya ji wani sauti daga cikin gida. Dum. Shiru mai tsawo. Dum. Ta sa an jawo mata tsohon turmin, tana ɗaga taɓarya da hannuwan da ko buta ba sa riƙewa sosai.

A lasifika muryar Liman ta tsaya. Masallaci ya yi tsit, tsofaffin ciki duk sun san abin da ya kamata a ce a wurin. Sabitu ma ya sani, kalma bayan kalma, har da inda ake yin tari. Liman ya gyara murya ya ci gaba da aya ta gaba.

Turmin bai sassauta ba, har aka kira magariba.